Hadari da Fararen Kayan Juma'a

Akwai wata Juma'a da har yau, in na ga an shanya fararen kaya iska tana kaɗa su, sai ta dawo mini sabuwa fil. Ba na jin zan taɓa manta ta.

Lokacin na gama jami'a, ina zaman jiran bautar ƙasa a gidanmu da ke Gwarinpa. Shekarun nan ne da Abuja ke tsiro kamar ciyawar farkon damina, ko'ina ka juya gini ake yi. Ɓarayi ma suka ƙaru, har suka haura gidan maƙwabcinmu. Shi ya sa Baba, wanda bai taɓa son kare ba, ya yarda a kawo na gadi. A wajen wata manomiya muka samo shi a Zuba, ranar da muka je sayen lemo. Jikinsa toka-toka ne mai duhu kamar sama kafin ruwa, sai na sa masa suna Hadari.

Yana ɗan kwikwiyo kowa dariyarsa yake yi. Da ya girma dariya ta ƙare. Hadari ba ya cizo, amma da zarar ya ga mutum ya fito fes, sai ya yi tsalle ya dafa shi, ya bi hannunsa da lasa. A gidan masu alwala wannan ba ƙaramin laifi ba ne. Ranar da ya ɓata wa Baba shadda ana shirin tafiya masallaci, sai da Baba ya sake wanka, ya sake kaya, ya rasa huɗuba. Da ya dawo ya kira ni. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Uwata, na san kina son dabbar nan. Amma in ya sake taɓa wani, Zuba zai koma. Magana ta ƙare."

Ni mai saurin kuka ce, amma ran nan ban yi ba. Na ƙudurta a raina Hadari ba inda za shi.

Kullum da sassafe sai in fita da busasshen kifi a leda. In ce masa "zauna", in ya zauna in ba shi, in ya yi tsalle in juya masa baya. Ya koya da wuri. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a gabana salihi ne, amma in wani ya fito sai ya koma halinsa. Mai gadinmu, wanda Hausarsa ta kasuwa ce, yakan ce, "Anti, wannan kare ta fi ki taurin kai."

Ta taga na gano amsar. Mama ta fito za ta biki, ta sha leshi, sai na ga ƙashi a hannunta. Hadari na nufo ta, ta wurga shi can nesa, ta yi wuf ta shige mota. Da na sa ido sai na ga kowa haka yake yi. Yayana biskit yake jefawa, mai gadi gutsuren burodi. Don tsoron ya taɓa su, su ne suka koya masa cewa duk wanda ya yi ado, in ka far masa za ka ci daɗi.

Gyaran mutanen gida ya fi na kare wuya.

"Wato in tsaya kamar gunki ya lashe ni?" in ji Mama.

"Mama, ki naɗe hannu kawai, kada ki kalle shi. Don Allah."

"Ikon Allah! An kai ki jami'a kin dawo malamar kare."

Amma ta yi. Ni kuma na ɗauko tsohuwar farar babbar rigar Baba, ina sawa ina zagaya tsakar gida tana jan ƙasa, Yaya na dariya har da riƙe ciki. Rigar ta sha sawun ƙafa ba adadi kafin Hadari ya gane farin kaya ba abinci ba ne.

Sai wata Juma'a Baffa, yayan Baba, ya iso daga gida ba sanarwa. Dattijo ne da ko Baba ba ya ɗaga ido a gabansa. Ya shigo cikin farar riga tas, da ƙunshin kilishi a hannu, tsarabarmu. Hadari a kwance yake gindin mangwaro, ba a ɗaure ba. Ƙamshin ya doke shi, ya taso a guje. Na ga Baffa ya fara yage takardar ƙunshin.

"Baffa, kada ka jefa! Ka tsaya yadda kake!"

Ban san ina da irin wannan murya ba. Baffa ya ƙame. Na ce, "Hadari, zauna!"

Ya ja birki har ƙasa ta tashi. Jikinsa na rawa, yawu na zuba, idonsa a kan kilishin. Ya ɗaga ƙafa ɗaya. Sai ya sauke ta a hankali, ya zauna, tazarar taku kaɗan da rigar.

Baffa ya dube ni ta gefen ido, bai motsa ba. "Ke 'yar nan, ni kika ba umarni ko shi? Na ga duk mun bi."

Baba yana bakin ƙofa ashe, buta a hannu, ya ga komai. Bai yabe ni ba, ba halinsa ba ne. Ya dai juya ga mai gadi ya ce a nemo kafinta ya yi wa ɗakin karen rufi kafin ruwa ya sauka.

Hadari ya tsufa a gidanmu. Abin da ya koya mini kuwa, yanzu da nake da 'ya'ya na ƙara ganinsa: kafin ka ce wani ba ya jin magana, duba abin da kake miƙa masa don ya ƙyale ka. Sau da yawa shi yake ji, ba abin da bakinka ke faɗa ba.