Layin Ƙarshe Na Kalandar 'Yan Hatsi

Akwai abubuwa da yawa da suka same ni a shekarun nan na tsanani waɗanda na yafe wa kaina, amma maganar kalandar 'yan hatsi ba ta cikinsu, kuma na san har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Safana. Albashi ba ya kai mu tsakiyar wata, gonakin nesa sun gagara zuwa saboda 'yan bindiga, kwanon gero kuwa sai ka tambayi kuɗinsa ka yi salati ka wuce. Abin da ya riƙe gidana shi ne wata tsohuwar kwamfuta. Idan an tashi makaranta, ko ranar kasuwa, sai in hau babur in tafi Batsari, in zauna a lungun shagon wani abokina mai ɗab'i, ina tsara katin biki da fastar walima.

A daidai wannan lokacin na samo wata 'yar ƙaramar manhaja da ake liƙa wa babbar manhajar gyaran hoto, masu harkar suna ce mata fulogin. Aikinta ɗaya ne. Ka gaya mata gida nawa kake so a kwance, nawa a tsaye, da faɗin ratar da ke tsakani, sai ta ja maka siraran layuka shuɗaye a kan shafin, ta raba shi daidai wa daida kamar fangalin albasa. Layukan ba sa fitowa a takarda, jagora ne kawai, kuma da ka jawo hoto kusa da su sai ya manne a gurbinsa. Aikin da nake yini ina aunawa ya koma na minti biyu. Ba ƙaramin ji da kaina na yi ba, har ina kiran mutane su zo su ga ikon Allah.

Ana haka wata ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi ta ba ni aikin kalandarta ta sabuwar shekara. Wanda ya san garuruwanmu ya san irin kalandar nan: hotunan 'yan ƙungiya a sama, watanni a ƙasa, a rataya a shago da zaure. A taronsu sun yanke cewa layin ƙarshe na hotunan za a bar wa 'yan'uwansu shida da aka kashe a hanyoyin kasuwanni. Masu rai arba'in da biyu ne, don haka na ce wa fulogin shida a kwance, takwas a tsaye. Kowa ya samu gidansa, babu wanda ya fi wani ko da faɗin farce.

Iyalan mamatan duk sun aiko da hotuna ta waya, ban da mutum ɗaya. Wani dattijo ya zo da kansa tun daga Darini, ya durƙusa muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da ta iyali da ta damina. Sannan ya zaro wata leda daga aljihu, ya warware tsumman da ke ciki, ya miƙo mini ɗan ƙaramin hoto irin na katin shaida. Saurayi ne siriri, hularsa a karkace.

"Malam, wanga shi kaɗai ne hotonshi da muke da shi," in ji shi. "Uwarshi ba ta so in fito da shi ba. Na ce mata za a sa shi cikin manya, kowa ya gani ya yi mishi addu'a."

Na ce, "Baba, kada ka damu." Na juyo masa da kwamfutar, na nuna masa gidan ƙarshe na hannun dama. "Ga wurinsa nan, babu mai taɓa shi." Ya daɗe yana kallon gurbin, babu komai a cikinsa, sannan ya yi godiya ya tafi.

Kwana biyu tsakani sai ga Shugaban ƙungiya, babbar riga tana jan ƙasa, turare ya riga shi shigowa. Ya sunkuya ya nemi kansa a allon, da ƙyar ya gano. Fuskarsa ta canza.

"Malam, mene ne wannan? Ni da mai awo a bakin rumfa girmanmu ɗaya?"

Na fara yi masa bayanin layuka da daidaito, ya ɗaga mini hannu. Ya ce shi bai san layi ba, a ba shi gida huɗu. Ya kuma kawo sabon hoto, yana tsaye ya dafa a-kori-kurarsa, ya ce lallai motar ta fito har lambarta. Na ce to, Alhaji. Na share layukan, na sake ba fulogin lissafi, ta ƙanƙanta gidajen sauran, aka samar wa mota wuri.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Sakatare ya ji labari, ya zo ya ce shi ne ke riƙe da biro, ba zai gaza rabin Shugaba ba. Ma'aji ya zo da hoton da ya kara waya a kunne, kamar wanda ake kira daga Abuja. Har wani da ake ce wa mai ba da shawara, wanda ban taɓa jin ya ba kowa shawarar ko sayen buhu ba, ya zo ya zauna mini a ka yana nuna allon da tsinken sakace. Manyan mutane, masu furfura, a garin da mata ke tsintar tsabar da ta zube a ƙarƙashin motocinsu, sun bar rumfunansu suna gardamar wanda kunnensa zai fi na wani girma a takarda. Wallahi na raina su a raina iyakar raini. Sai dai rainin a ciki ya tsaya, bakina kuwa "to, Alhaji" yake ta faɗi, hannuna yana ta jan layi.

Na yi ta rage gidajen har fuskokin talakawan ƙungiya suka koma kamar ƙwayar gyaɗa. Da na ga idan na ƙara ba wanda zai gane ubansa, sai na ce musu wuri ya ƙare. Suka zuba wa allon ido. Sakatare ya sa yatsa a layin ƙarshe.

"Waɗannan fa? A cire su, a sa addu'a layi ɗaya a madadinsu. Ai su ba gani suke yi ba."

Shugaba ya gyaɗa kai, ya ƙara da cewa addu'ar ma ta fi musu amfani, kamar dai tausayinsu ne ya kawo shi. Na tuna dattijon, ba zan yi ƙarya in ce na manta ba. Amma na tuna kuma cewa aikin fastocin ƙungiyar na shekara duk a hannun mutanen nan yake, kuma akwai baki bakwai a gidana. Na zaɓi hotuna shida, na danna, suka ɓace. Ko minti ɗaya abin bai ci ba.

Ranar da aka raba kalandar ina shagon, sai na hango dattijon yana tahowa da tasa a nannaɗe a hammata. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya gaishe ni kamar yadda ya yi da farko, bai rage komai ba. Ya shimfiɗa takardar a kan tebur, ya danne gefenta da tafin hannu. Bai iya boko ba, don haka ya bi fuskokin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har ƙasa. Ya sake farowa daga sama.

"Malam, ko idona ne? Ban gan shi ba."

Na ce, "Baba, wuri ne bai isa ba."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dubi hoton Shugaba da ya cinye kusan rabin shafin, ya ɗora yatsunsa biyu a kan tayar motar, ya auna, ya ɗago ya dube ni.

"Ko nan wurin tayar aka ba shi, ai da ya ishe shi. Ba shi da jiki."

Ya ce tun jiya ya kafa ƙusa a zaure, maƙwabta kuma suna jira. Sannan ya roƙe ni, roƙo, in ba shi hoton ɗansa ya mayar wa uwarsa. Na ɗauko daga aljihun tebur na ba shi da hannu biyu. Ya naɗe shi a tsumman, ya sa a leda, ya yi mini sallama. Kalandar kuwa a kan teburin ya bar ta.

Na daɗe ina zagin mutanen nan a zuciyata, kuma har gobe ban ga abin girmamawa a jikinsu ba. Amma da shekaru suka ja sai na daina ɓuya a bayansu. Babu ɗayansu da ya san inda ake dannawa, ni na danna. Abin da na koya shi ne, duk rabon da aka damƙa maka, ko na gurbi a takarda ne, ka fara ajiye na wanda ba zai iya zuwa ya tsaya a kanka ba, ka kulle shi, sannan ka saurari masu manyan riguna. Kuma idan ka ce wa dattijo babu mai taɓa wurin ɗansa, to ka sani da kai ma kake.