Maki Ɗari da Sha Biyu a Littafin Enid

Duk wanda ya buga wasan kurket, wasan da ake bugun ƙwallo da katako a ci maki, a ƙauyenmu Keldthwaite daga 1952 zuwa 2009, da hannun Enid Capstick aka rubuta sunansa. Ni kaina shekara ashirin da shida na yi ina tsugunawa a bayan sanduna ina cafe ƙwallo, kuma ban tuna ranar da na ɗaga kai na dubi ƙaramar tagar da ke gefen rumfar kulob na tarar ba ta nan ba. Tana zaune da tabarau a kan hanci, fensira huɗu masu launi daban-daban a jere gabanta. Kowace ƙwallo aka jefa sai ta ɗiga mata ɗigo a littafin maki.

Rubutun maki gadonta ne. Kakanta Jabez ne ya fara tun kafa ƙungiyar a 1889, ya miƙa wa babanta Walter. Da dutse ya murƙushe wa Walter hannun dama a wurin aikinsa na fasa duwatsu, sai ya kawo Enid, tana da shekara sha takwas. A lokacin mata ba sa shiga rumfar sai in za su jera shayi da biredi, don haka dattawan kwamiti suka yi ta gunaguni. Walter ya ce musu, "Ko dai ita, ko ku riƙa ƙirga makinku da yatsun ƙafa." Maganar ta mutu a nan.

Sauran ranakun mako tana naɗe cuku a kamfanin madara na ƙasan kwari. Mijinta Leonard direban bas ne, kuma bai ga abin so a kurket ba. Cewa yake, "Ƙarti ashirin da biyu sun sa fararen kaya suna jiran ruwan sama." Duk da haka kowace Asabar shi ke kawo ta fili, ya koma gefen katanga ya buɗe jarida. Sunan gidansa bai taɓa kama ta ba, Capstick muke ce mata har ta mutu.

Ba ta da sassauci a kan littafi. Akwai ranar da aka fitar da ni ina da maki arba'in da tara, kuma ban taɓa kai hamsin ba a rayuwata. Na je taga na marairaice.

"Yaya Enid, duba da kyau mana. Kamar akwai ɗaya da kika manta."

"Na duba, Alwyn. Akwai ɗaya da ka manta ka yi."

A bangon rumfar akwai wani dogon allo da ake rubuta sunayen waɗanda suka yi abin a zo a gani, da ruwan zinare. Na can sama shi ne "S. Raistrick, 112, 1921". A gefensa hoton Septimus Raistrick ne da gashin baki kamar tsintsiya. Kowane ɗan ƙauyenmu ya tashi da labarin: yadda Septimus ya tsaya yini guda gaban mutanen Hubberby, shi ne na farko da ya taɓa cin ɗari a filinmu, har ya buga wata ƙwallo ta tsallake katangar coci. Jikansa Maurice, makiyayin tumaki, shi ne shugaban ƙungiya a zamanin da nake magana. Tare suka yi makaranta da Enid, kuma ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

A farkon 1989 ƙungiya za ta cika shekara ɗari, ni kuma ina magatakarda, sai aka ɗora mini rubuta ɗan littafin tarihi. Tsofaffin littattafan maki duka suna wurin Enid, cikin akwatin ƙarfen babanta a ƙarƙashin matakala. Ta ba ni su cikin kwali uku. Na kwashe sati biyu ina bi, sai na ga na 1921 babu. Ranar Lahadi bayan an taso coci na biya gidanta.

Ba ta yi mamakin ganina ba. Ta ɗora ruwan shayi, ta hau sama, ta sauko da littafin a naɗe cikin tsohon mayafi. Ta buɗe shafin wasan Hubberby ta turo mini. Rubutun Jabez ne, siriri, a tsaye. Na bi sunayen da yatsa. S. Raistrick, maki huɗu. A ƙasansa, A. Dinsdale, ɗari da sha biyu.

"Wane ne Dinsdale?" na tambaye ta.

"Amos. Ɗan ƙodago ne a gonar Raistrick ɗin ma. Sha shayinka kafin ya huce."

Ta ba ni labarin kamar yadda babanta ya ba ta ranar da ya miƙa mata akwatin. Kafin babban yaƙi Amos ne gwanin bugu a duk kwarin. Da aka kira samari soja, ya ce imaninsa bai yarda ya kashe mutum ba, aka ɗaure shi shekara biyu. Cikin 'yan wasa sha ɗaya da ƙungiya ke da su a 1914, bakwai ba su dawo daga yaƙin ba. Da Amos ya fito kurkuku ba mai amsa gaisuwarsa, kwamiti kuma ya soke sunansa. Ranar wasan Hubberby mutum goma kawai suka hallara. Septimus ne da kansa ya je gona ya janyo shi, ya ara masa farin wando. Amos ya buga ɗari da sha biyu, ya fita daga fili babu wanda ya tafa masa, ya koma ya tatsi shanu. Magatakardan lokacin, wanda 'ya'yansa biyu suka mutu a yaƙin, shi ke aika wa jarida sakamako. Ya ce hannunsa ba zai rubuta wannan suna ba, ya musanya makin mutanen biyu. Jabez kuwa ya ƙi taɓa littafinsa. Shekara na zagayowa Amos ya bar ƙasar.

"Septimus bai ce komai ba?"

"Baba ya ce da farko ya yi ta faɗa. Daga baya ya yi shiru. Da ya tsufa, waɗanda suka gani da idonsu suka ƙare, sai ya fara ba da labarin da bakinsa. Ni ma na sha ji a wurinsa. Ina jin har ya yarda shi ne."

"Shekara talatin da bakwai kina da wannan, Yaya, ba ki faɗa wa kowa ba?"

"Ba wanda ya tambaye ni. Kuma tsohon yana raye har 1968, kullum sai ya kawo mini alewa taga. Da wane bakin zan faɗa?" Ta cire tabarau ta goge. "Amma allo daban, littafin tarihi daban. In ka buga shi haka, da sanina aka yi ƙaryar."

Gaskiya ni so na yi a bar kaza cikin gashinta. Maurice ne ya ba da katakon gyaran rumfa, shi ke yanke ciyawar fili da tarakta tun ina saurayi. Na faɗa mata haka. Ta ce ba ta ce in yi komai ba tukuna, ita za ta fara zuwa wurinsa, in ina so in raka ta.

Lokacin haihuwar tumaki ne. Muka same shi da hantsi a garke, hannunsa duk jini, yana goge wa wani ɗan rago hanci da ciyawa.

"A'a, uwar ɗigo da kanta," in ji shi. "Yau kuma laifin me na yi? Ko tumakin za ki ƙirga mini?"

"Wanke hannunka, tsohon banza. Abin da zan nuna maka ba a taɓa shi da ƙazanta."

Ya wanke a bokiti yana dariya. Ta buɗe masa shafin a kan wani dami. Ya daɗe yana kallo, dariyar ta tafi. Ta ba shi labarin a taƙaice, ba ta ƙara gishiri ba.

"Kakanki zai iya kuskure," ya ce.

"Zai iya. Amma duba ɗigon, Maurice. Kowace ƙwallo tana nan. Huɗu bai yi kama da ɗari ba."

"To me kike so? In sauke hotonsa in jefa a rafi? Mutumin da ya ɗauke ni a kafaɗa ya fara kai ni filin nan?"

"Ban ce a sauke kowa ba. Shi ne fa ya je ya kira Amos ranar da duk gari ba mai yi masa magana. Ni a wurina wannan ya fi ɗari."

"Ke dai ba ki taɓa barin abu ya kwanta ba tun muna aji ɗaya."

Ya juya ya koma cikin tumakinsa. Muka tsaya kaɗan, muka ga ba zai waiwayo ba, muka tafi. A hanya, da muka kai gada, Enid ta ce, "Na ɓata masa rai a banza ko?" 

Magana ta bazu, ƙauye ya rabu biyu. Wasu suka ce gaskiya gaskiya ce ko ta shekara nawa. Wasu suka ce tone-tonen me, mutanen duk suna kabari. Wata tsohuwa da kawunta ke cikin bakwai ɗin nan ta tare Enid a kanti ta ce mata sunan matsoraci ba zai hau bango ɗaya da na waɗanda suka je yaƙi ba. Enid ta saurare ta har ta gama, ta ce, "Allon maki ne, Goggo, ba na yaƙi ba." Amma ta gaya mini daga baya cewa maganar ta tsaya mata a rai, don ita ma tsohuwar ba ƙarya ta yi ba game da abin da gidansu ya rasa.

Aka fara wasannin shekarar. Maurice yana zuwa ya yanke ciyawa, ya wuce ta gaban taga bai ko kalle ta ba. Haka aka yi wata biyu. Enid ta rame. Leonard, wanda bai taɓa shiga rumfa ba, ya koma zama kusa da ita yana fere mata fensira.

A taron kwamiti na watan Yuni, ana saura sati uku a kai littafin wurin bugawa, Maurice ya miƙe ba tare da an zo kan zancen ba. Yana magana yana kallon hularsa.

"Na yi ta tunani. Kakana bai taɓa ba da labarin nan ba sai ya sha kofi biyu uku a mashaya. In yana garau aka tayar da zancen, sai ya ce zai je duba shanu. Tun ina ƙarami na lura, ban dai tambayi kaina dalili ba." Ya ɗago kai. "A gyara allon. Hoton kuma a bar shi inda yake, in ba mai ja."

Ba wanda ya ja. Mutum biyu sun ƙi ɗaga hannu, ɗayansu ma ya bar ƙungiyar bai dawo ba. Mai fenti ya zo ya kankare layin sama ya rubuta sunan Amos. Na buga labarin a littafin tarihi kamar yadda Enid ta ba ni, har da zancen aron wando.

Asabar ta gaba Maurice ya tsaya a taga.

"Uwar ɗigo, nawa muke da shi?"

"Sittin da uku, an fitar da mutum biyar. In ka matsa daga gabana zan ga na shida."

Iyakar sulhun da suka yi ke nan.

Enid ta so a sami dangin Amos. Ta yi shekara biyu tana aika wasiƙu coci-coci, har amsa ta zo daga wata jikarsa a Kanada. Matar ta yi godiya ƙwarai. Ta ce kakanta manomin alkama ne, mai yawan shiru, ya rasu a 1959, kuma ba ta taɓa jin ya ambaci kurket ko sunan ƙauyenmu ba. Ta ce za ta so ta zo, amma ba ta zo ba. Hoto ɗaya ta aiko, wani tsoho a tsaye gefen tarakta yana ƙanƙance ido saboda rana. Enid ta karanta mini wasiƙar sau biyu, ta ce, "Wataƙila mu ne muka fi shi bukatar abin." Ta sa hoton a firam ta rataye shi ƙasan na Septimus.

Leonard ya rasu a 1998. Ta ci gaba da zuwa a ƙafa, daga baya da sanda. A 2009 ta rubuta wa wani ɗan wasan baƙi maki shida a layin abokinsa, ta gano kuskuren da kanta a lokacin shayi, ta gyara. Da aka tashi ta kira ni ta ce idonta ya gama aiki. Na ce kuskure ɗaya ne cikin shekara hamsin da bakwai. Ta ce wanda ta gani ke nan.

Yanzu wata malamar makaranta ce ke riƙe da makin, a kan na'ura take yi. Enid ta zauna kusa da ita bazara guda tana kallo, ta ce abin yana da sauri, ba ta da ƙorafi. Littattafan kuwa ta ƙi yarda a kai su ma'ajiyar gunduma kamar yadda wasu suka so. Ta ce a can ba mai buɗe su. Muka yi musu kabad a rumfa, mabuɗi yana rataye a gefe, duk mai so ya ɗauka.

Ta rasu a watan Fabrairun 2014, lokacin da fili ke kwance cikin ruwa. Maurice, yana da shekara tamanin, ya nace sai an sa shi cikin masu ɗaukar akwatin gawa. 'Ya'yansa suka hana, ya ƙi ji. A ƙarshe muka sa shi a tsakiya, inda nauyin bai kai ba, muka taka a hankali har coci.