Amsar da Ta Naɗe Tabarmar Kakana

Har yau in na ji an buga ƙarfe ana kiran sujada, sai in tuna kakana. Namu ƙarfen tsohuwar garma ce da aka rataya a reshen ɗorawa, a ƙauyenmu na bayan Kafinsoli, zamanin mulkin Turawa. Babana ne ya rataye ta, bayan ya dawo daga asibitin kutare na mishan da lafiya a jikinsa da sunan Yesu a bakinsa. Mu Maguzawa ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi, kuma gidanmu kusan duka ya bi shi. Kakana kaɗai ya tirje.

Kada ka ɗauka taurin kai ne. Shi ke raba rigimar iyakar gona a wajenmu. In mutum biyu suka zo, wannan ya ce an matsar da gambar da ke kan iyaka, wancan ya musa, tambayarsa ba ta wuce wa ya shuka ta, wa ke wurin. Duk wanda ya ce masa "a ganina", sai ya ce ganinka bai taɓa tsirar da gamba ba, tashi ka nemo shaida. Haka ya yi wa sabon addinin. Bayan sujada yakan zauna can gefe yana sassaƙa ƙota, yana jefa wa mai bisharar da aka turo mana tambaya. Gaskiya saurayin ya iya amsa. Yakan ɗauko magana daga tushe, ya jera dalili, ya buɗe Littafi ya nuna wurin, in kuma bai sani ba ya ce bai sani ba, zai tambayo manyansa a Kankiya. Wannan "ban sani ba" ita ta saye zuciyar tsohon. Kafin gero ya yi kai, tabarmarsa ta matso har inuwar ɗorawa, aka sa za a yi masa baftisma bayan girbi.

Ni na fi kowa murna. Sunan marigayiyar matarsa aka sa mini, don haka uwargida yake kirana, yana tsokanata wai na iya cin tuwo ban iya tuƙawa ba. Na ƙwallafa rai mu shiga sama tare.

Wata Lahadi da dawa ta fara ja, ya dafa kaina ya dubi mai bishara.

"Saura guda, malam. Mai sunan wagga ɗiya ta rasu tun ba ku zo ba. Ba ta ji ba, balle ta ƙi. Ina take?"

Mai bishara bai buɗe Littafi ba. Gajiya ce, ko so yake ya tsorata tsohon ya hanzarta, oho. Ya ce tana wuta, babu makawa. Kaka ya tambaye shi ko rubuce yake. Ya ce rubuce yake.

Kaka ya naɗe tabarmarsa a hankali.

"To, ba ni barin ta ita ɗai can. Ku tahi, Allah shi kiyaye hanya."

Bai sake zuwa ba, bai kuma yi faɗa da kowa ba. Ba a daɗe ba ya rasu, ni kuwa na girma ina kukan mutum biyu a wuta.

Sai bayan na yi aure na haɗu da mai bisharar nan a kasuwar Kusada. Na tuna masa. Ya ɗan yi murmushi ya ce ai wannan magana ce da masana ke saɓani a kanta, Allah mai adalci shi ya bar wa kansa sani. Abin da ya faɗa ganinsa ne kawai, na ƙuruciya. Ban taɓa jin an ci amanata kamar ranar ba. Mutumin da ya saba mana da hujja, a kan tambayar da ta fi duka nauyi ya miƙa wa tsoho ra'ayinsa da sunan Allah, kuma tsohon ya karɓa don ya yarda da shi.

Ban bar bin Yesu ba. Yanzu majami'armu ta kwano ce, lasifika ta gaji garma, matasa na gardamar addini a waya, kowa na yanke hukunci kamar daga sama aka aiko shi. Jikokina na jin kunyata, don in mai wa'azi ya yanke magana nakan tare shi a bakin ƙofa in ce ya nuna mini wurin. In ya ce bai sani ba, sai in yi masa godiya. Abin da aka hana kakana ke nan.