Ruwan da Ba Ya Mayar da Gawa

A duk shekarun da na yi ina aikin kotu, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da aka kawo mana maganar mutumin da ya ɓace a teku, alhali duk zauren babu wanda ya taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Challawa. Ku da kuke aiki yanzu fanka na kaɗa muku riga, ku gyara zama ku ji. A lokacin ni ne marubucin alƙali a Karaye, cikin shekarun yaƙin duniya na biyu, wanda mutanenmu suka fi sani da yaƙin Bama. Rogo da ƙauyukanta duk a ƙarƙashin Karaye suke, don haka rigimar aure da gado da iyakar gona ta wannan yanki gaba ɗaya wurinmu take zuwa.

Tsarin zamanmu ba shi da wuya. Alƙali yana kan buzu, muhuti, wato malamin da yake taya shi duba littattafan shari'a, yana damansa, ni ina hagu da alƙalami da tawada. Dogari yana bakin ƙofa, shi ke kiran masu ƙara, shi ke hana surutu. Ni kuwa ban tsaya ga rubutu kaɗai ba. In ana neman shaida a ƙauye, ni ake turawa, don ina da keke, ina da baki, kuma ban iya dawowa hannu wofi ba.

Ranar da nake ba ku labari, mata biyu suka shigo daga Fulatan, Fulanin gida ne masu noma da kiwo. Babbar ana ce mata Goggo Dije, ƙaramar Hansatu, matar ɗanta Buba. Shi Buba an ɗauke shi soja. Bayan wani lokaci saƙo ya zo daga ofishin Di'o, wato Baturen mulki, ya bi ta wurin hakimi zuwa dagaci, cewa jirgin ruwan da ya ɗauke su daga Ikko an harbe shi a teku ya nutse, kuma Buba ba ya cikin waɗanda aka ceto. Damina guda ta wuce da zuwan saƙon nan kafin su zo gabanmu.

Hansatu ce mai ƙara. Ta durƙusa ta ce, "Allah ya gafarta Malam, a faɗa mini matsayina. Ni ba matar aure ba, ni ba mai takaba ba. Iyayena za su tashi da shanu su yi kudu in kaka ta ƙare. In mijina yana da rai, in zauna a ɗakinsa. In ba shi, a sallame ni in bi su."

Kafin alƙali ya yi magana, tsohuwar ta ce, "Yana da rai. Allah ya gafarta Malam, ruwa ba ya riƙe gawa. Challawa ta ci ƙanen mijina, ta ci 'ya'yan maƙwabta, kowannensu kwana uku ya taso, Sarkin Ruwa ya ɗauko shi muka yi masa sutura. Tun da ba a ga gawar Buba ba, ya fita ta wata gaɓar ne, hanya ce ta yi masa nisa."

Kada ku yi mata dariya. Duk wanda yake zauren nan ranar, har da ni, a ransa ya ga maganarta ta kama hankali.

Alƙali ya bayyana musu hukunci yadda yake. In babu gawa, babu kuma shaidu biyu da suka tabbatar da mutuwa, mutum ɓatacce ne, ba matacce ba. Matar ɓatacce kuwa sai ta jira shekara huɗu daga ranar da ta kai ƙara, sannan ta yi idda. Muhuti ya tuna masa da saƙon Di'o. Alƙali ya ce, "Takarda ba ta rantsuwa, Malam. Wanda ya rubuta ta ma bai ga abin da idonsa ba." Na dubi Hansatu, na ga yadda ta sunkuyar da kai da ta ji shekara huɗu, raina ya ɓaci. Yarinya ce da ƙuruciyarta, ga iyayenta za su tafi su bar ta.

Da aka tashi na ce wa alƙali, "Allah ya gafarta Malam, saƙon ya ce an ceto wasu. Daga ƙasar nan aka ɗebi mutane da yawa tare da Buba. In akwai wanda ya dawo, zan nemo shi." Ya ce, "Je ka, Inuwa. Amma wanda ya gani nake so, ba wanda ya ji ba."

Ku riƙe wannan: in kuna neman mutum a ƙauye, kada ku fara da gidan dagaci, don da an ga ma'aikacin kotu a ƙofarsa kowa sai ya manta sunan maƙwabcinsa. Da rumfar wanzami ake farawa. Ranar kasuwar Rogo na je na zauna aka yi mini askin da ban buƙata ba, na kawo zancen sojojin da suka dawo. Ba a gama rabin kaina ba wanzamin ya ce ai akwai wani Kofur Mamman a Zoza, an sallamo shi saboda ciwon ƙirji, mutum ne lafiyayye a magana, amma ko rafin da bai kai idon sawu ba ba ya tsallakawa, sai ya zagaya ta tudu. Ina jin haka na san na sami mutumina.

Na tarar da shi yana shinge a bayan gidansa. Muka gaisa, na tambayi iyali da gajiya da ƙarfin jiki, sai da gaisuwa ta ƙare sarai sannan na ambaci Buba na Fulatan. Ya ajiye igiyar hannunsa. Ya ce, "Malam, tun da na dawo babu wanda na ba labarin nan. In na fara, sai su ce ƙarya nake yi, wai ina ruwan da ba shi da gaɓa." Na ce masa akwai yarinyar da za ta yi shekara huɗu a ɗaure in ya ci gaba da shiru. Ya yarda zai zo. Ya kuma gaya mini akwai wani Audu a Falgore da suka tsira tare.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin maganarsa. Alƙali zai karɓi shaida in ta cika. Amma Goggo Dije fa? In aka yanke hukunci ba ta gamsu ba, Hansatu za ta fita daga gidan nan a matsayin wadda ta kashe mijinta da baki, kuma wannan suna zai bi ta duk inda shanun ubanta suka je. Tsohuwar ba za ta yarda da soja ba, ba za ta yarda da Bature ba. Mutum ɗaya ta ambata da bakinta a kan maganar ruwa. Don haka ban wuce gida ba, na karkata bakin kogi wurin Sarkin Ruwa, shugaban masunta, wanda shi ke fito da duk wanda Challawa ta ci. Na roƙe shi ya zo zaman kotu. Na nemi izinin alƙali a bar shi ya yi wa shaida tambayoyi. Muhuti ya ce bai taɓa ganin haka a littafi ba, alƙali ya ce bai ga inda aka hana ba.

Ranar zama, Kofur Mamman ya yi alwala ya rantse, ya fara. Ya ce jirgin ya fi kasuwar Karaye tsawo, ƙarfe ne, gawayi yake ci, yana da ɗakuna hawa-hawa har ƙarƙashin ruwa. Da hantsi ne, suna shan iska a sama, sai suka ji ƙara kamar tsawa daga ƙasa. Jirgin yaƙin abokan gaba da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa ne ya harbe su. Jirginsu ya karkata, aka yi ta sauke ƙananan kwale-kwale, mutane na faɗawa ciki.

Sarkin Ruwa ya matso ya ce, "Samari, gaɓa tana wane hannu?"

"Babu gaɓa, Baba."

"Ba ka gan ta ba dai."

"Mun kwana mun yini a kwale-kwale har na daina ƙirga. Gabas ruwa, yamma ruwa, ko tsuntsu babu. Wani jirgin ne ya tsince mu."

"Zurfinsa gora nawa?"

"Masu aikin jirgin sun ce ko an haɗa igiyoyin rijiyoyin garinku duka, ba za su taɓa ƙasa ba."

"To ina yake gangarawa? Kowane ruwa yana da inda yake zubar da abin da ya ɗauko."

"Ba ya gangarawa ko'ina, Baba. Tashi yake yi ya faɗi a inda yake. Ga shi da gishiri, ba ya shawuwa."

Tsohon ya juya wurin Goggo Dije ya ce, "Dije, kin san ni, ban taɓa barin ɗan kowa a ruwa ba. Amma ni gaɓa ce take ba ni gawa. Wannan ruwan ba irin nawa ba ne. Ko ni na faɗa cikinsa, babu mai kawo muku ni."

Ta ce, "To wataƙila ba Buba ya gani ba. Sojoji duk kamarsu ɗaya a kaki."

Alƙali ya ce wa Kofur ya faɗi ganinsa na ƙarshe da shi. Ya ce, "Akwai shanu da raguna da aka loda a ɗakin ƙasa don abincinmu, Buba aka ba kula da su saboda ya san dabba. Muna tare a sama lokacin da aka harbe mu. Har ya sa ƙafa ɗaya a kwale-kwale, sai ya ji kukan shanun. Ya ce mini a ɗaure suke. Na riƙe rigarsa, na ce ina za su je ko ka kwance su? Ya fizge ya sauka da gudu. Ina kallon ƙofar da ya shiga har ruwa ya rufe ta. Bai fito ba."

Goggo Dije ta faɗi wata magana da Fillanci, sannan ta ce da Hausa, "Shi ne. Da gobara ta kama rugarmu yana yaro, kowa ya gudu, shi ya koma kwance maruƙa. Ɗana ne."

Mako na zagayowa Audu na Falgore ya zo ya ba da shaida daidai da ta Kofur. Alƙali ya tabbatar da mutuwar Buba. Sai ya ƙara da abin da ni kaina ban zata ba. Ya ce tun da shaidu sun tabbatar da lokacin mutuwar, takaba daga ranar take farawa, wata huɗu da kwana goma kuwa sun wuce tuni. "Hansatu," in ji shi, "babu sauran komai a kanki. Ko yau kika so, ki bi iyayenki."

Na ɗauka za ta yi godiya ta tashi. Ba ta motsa ba. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ta yaya takabata ta ƙare, ban yi masa kuka ko sau ɗaya ba? Goggo ta hana. Ta ce ba a yi wa matafiyi kuka, mugun fata ne."

Tsohuwar ta jawo ta jikinta, ta zare mata awarwaron hannunta da kanta, ta ce, "Yi yanzu, 'yata. Ni ma in yi."

Dogari ya ɗaga sanda zai ce a yi shiru, kamar yadda aikinsa yake. Alƙali ya ɗaga masa hannu ya dakata. Akwai masu ƙara cike da ƙofa, ciki har da masu rigimar gona da suka taso tun asuba, amma babu wanda ya yi gunaguni. Ni ma na ajiye alƙalami, don ba na ganin takardar sosai.

Hansatu ba ta tafi ranar ba. Ta zauna da surukarta aka yi addu'a da sadaka, sai da kaka ta ƙare tsohuwar ta raka ta har bakin hanya.

Abin da na koya ke nan, kuma ban taɓa shakkarsa ba har na bar aiki. Hukunci yana iya cika a littafi amma bai isa gida ba. Kada ku tsaya ga shaidar da za ta gamsar da alƙali kaɗai, ku nemo wadda za ta gamsar da wanda zai kwana da hukuncin. Tun daga ranar nan kuma, duk dogarin da ya yi aiki da ni ya san doka ɗaya: ba a kiran ƙara ta gaba sai mai kuka ya gama.