Garin da Malam Ya Zagaya da Ni a Cikin Falo

Me ya sa a watanninsa na ƙarshe bakin Malam bai koma Kano ba, bai koma ƙauyen da aka haife shi ba, sai wani garin sanyi da ya zauna shekara biyu kacal, tun kafin ya aure ni? Na tambayi kaina ina takaba, na sake tambaya bayan na fita, har yau ban samu amsa ba. Ni ban yi karatu ba. Surukata, matar ɗanmu, ce ke rubuta wannan, ina faɗa tana rubutawa, idan kuka ya ci ƙarfina ta ajiye biro ta jira ni.

Saura kwana tara jirgi ya mayar da ni gida. Malam yana kwance a wata maƙabarta a nan Kuala Lumpur, ni kuwa ban taɓa ganin kabarinsa ba. A gidanmu mace ba ta zuwa maƙabarta. Mahaifiyata ta daɗe a duniya bayan mahaifina, ba ta san ta wace kusurwa yake ba, kuma ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba.

Haihuwa ce ta kawo mu. Babban ɗanmu yana karatu a jami'ar da ke titin Jalan Semarak, matarsa ta kusa sauka, muka zo in yi mata wankan jego mu koma. Ba a yi arba'in ba aka kulle gari saboda korona. Muka maƙale a hawa na goma sha bakwai na wani bene a unguwar Danau Kota. Ƙafafun Malam suka fara kumburi don zama, likita ya ce ta waya sai ya riƙa tattaki.

Wata safiya bayan mun karya ya ɗauki sandarsa ya ce, "Hajiya, taso mu shiga gari."

Na ce, "Wane gari, Malam? Ko kantin ƙasa an hana ka sauka."

Ya ce, "Västerås. Ɗauko mayafi, akwai sanyi."

Na san sunan. Can ƙasar Suwidin ne, inda aka tura shi koyon aikin lantarki yana saurayi. Amma duk zamanmu abin da na sani game da wurin hoto ne guda, yana tsaye cikin ƙatuwar kwat kamar an ara masa. Bai taɓa ba ni labari ba, ni ma ban tambaya ba.

Ya rarraba gidan. Baranda ita ce babban tafkin da garin ke bakinsa, wanda ya ce da sanyi yakan daskare har mutane su yi tafiya a kansa. Lungun da ya tashi daga ɗakuna zuwa falo shi ne kogin da ya ratsa garin, ana ce masa baƙin kogi. Firij kuma babbar majami'arsu ce, ta jan bulo, mai tsinin da ake hangowa daga ko'ina.

Na ce, "Firij ɗin mutane ne ya zama coci?"

Ya ce, "Shi ya fi komai tsawo a gidan nan, kuma sanyinsu ɗaya."

Kullum da hantsi sai mun zaga. Ya kai ni tsohuwar unguwar bayan majami'ar, mai ƙananan gidajen katako da karkatattun lunguna, inda talakawa suka zauna a da. Ya ce mutanen garin sun yi suna wajen noman kokwamba har ana tsokanarsu da ita. Ya kai ni bayan gari, wato ƙofar banɗaki, ya nuna mini wani tudu da aka binne wani babban mutum tun kafin addini ya je musu, da duwatsu a jere kamar jirgin ruwa. A gaban firij ya gaya mini akwai sarkinsu guda a kwance a ciki, wanda aka ce ƙaninsa ne ya sa aka zuba masa guba a miyar wake. Ranar kuwa wake na dafa. Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya turo mini ya ce, "Fara ci tukuna." Surukata ta yi dariya har ta ƙware.

Wata rana ya tsaya a bakin taga. Ya ce nan ce maƙabartarsu. Tsohuwar da ya zauna a gidanta mijinta ya rasu. A farkon sanyi suna da wata rana da kowa ke zuwa wurin mamatansa. Tun la'asar duhu yake yi a lokacin. Ta roƙe shi ya riƙe mata manjagara, suka je, ta share ganyen da ya rufe kabarin, ta kunna kyandir, ta tsaya tana gaya wa mijin cewa rufin ɗaki yana yoyo. Ya ce da ya ɗaga kai, duk filin wuta ce ƙanana.

Na ce, "A'uzubillahi, Malam. Da girmanka?"

Ya ce, "Ni ban kunna komai ba, Hajiya. Abin da na gani shi ne ko a duhu ba ta yi laluben wurin ba. Kai tsaye ta nufe shi."

Na ce wannan ba hanyarmu ba ce, na shige kicin. Washegari ya kira ni zagaye na ce ina da aiki. Rana ta biyu ma haka. A kwana na uku zazzaɓi ya kwantar da shi.

Mutane biyu ne suka zo cikin fararen kaya, ko idonsu ba a gani sosai, suka sauka da shi. An hana ni bin su ko zuwa bakin lif. Ya yi kwana goma sha ɗaya a asibiti. Ma'aikatan asibitin ne suka yi masa sutura, su suka binne shi. Ɗanmu daga nesa aka bari ya tsaya. Ni ina zaune a falon nan, tsakanin tafki da kogi, aka zo aka ce mini an gama.

Shekara arba'in da shida ina wanke wa mutumin nan kaya, amma likkafaninsa ban gani ba. Wannan yana cina, ba zan ɓoye ba.

Surukata ta sha gaya mini matan ƙasar nan Musulmi ne kuma suna zuwa ziyara, su yi addu'a su dawo. Nakan ce mata ta bar maganar. Ina tunanin abin da yayyen Malam mata za su ce idan labari ya je gida, cewa tsohuwa ta je ƙasar waje ta koyo sabon hali. Ɗanmu bai taɓa ce mini je ko kada ki je ba, kunya ta hana mu maganar.

Ɗazu na sa surukata ta gaya wa ɗanmu gobe da hantsi ya nemo mota. Ta tambaye ni me ya canza. Babu abin da ya canza. Magana ce nake riƙe da ita tun ranar da wata ma'aikaciyar asibiti ta kara wa Malam waya a kunne, kwana biyu kafin ya cika. Ban gaya wa kowa ba sai yanzu. Numfashinsa yana yankewa, sai da na toshe ɗaya kunnen kafin na ji shi. Ya ce:

"Hajiya, kada ki bari su mayar da ke gida ba ki san inda nake ba."