Falle Biyu a Bakin Jinga

Shekara ashirin da shida Muttaka ya yi yana gyaran rediyo a kasuwar Haɗeja. Da wayar salula ta cinye masa kasuwa, sai ya tattara filayarsa da mitarsa ya dawo ƙauyenmu, can wajen Kirikasamma, ya kama noman shinkafa. Gonarsa ce ta farko bayan jingar da ke tare mana kogi, don haka in ruwa ya ɓalle, da shi zai fara. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, kuma na shaida ban taɓa ganin mutum mai taurin kai irinsa ba.

Bara ya ce ya gaji da jiran ruwa ya zo masa ba sallama. Ya yanko falle biyu na alminiyam, ya naɗe kowanne da leda, ya tsayar da su fuska da fuska cikin bututun roba.

"Wannan kafasita ce, irin ta cikin rediyo," in ji shi. "In iska ce a tsakaninsu, wuta kaɗan suke riƙewa. In ruwa ya hau tsakaninsu, sai su riƙe mai yawa. Da mita ta ji haka, hon zai tashi."

Na ce, "To, injiniya, Allah ya ba da sa'a."

Ya kafa abinsa a bakin jinga, da batirin babur da hon. Mako biyu bayan nan, ranar kasuwa, hon ya ɓarke. Muka watsar da ciniki muka ruga da buhuna da shebur, wani ko takalmi babu. Muka tarar da kogi kwance lafiya lau. Ashe zafin rana ne ya lanƙwasa fallayen suka matso kusa da juna, kuma matsowar ma tana ƙara musu riƙon wuta kamar yadda ruwa ke yi. Ranar mun yi masa dariya sosai, kuma muryata ce ta fi ta kowa tashi.

Muttaka ya koma bakin jinga. Ya yayyanka tsohon silifa ya cusa tsakanin fallayen, kowane taƙi guntu ɗaya, don kada tazarar ta sake motsi.

A watan Satumba, bayan azahar, hon ya sake tashi. Ina cin tuwo na ji shi sarai, na ci gaba da cin abina. Muttaka da matarsa Aisa kaɗai suka je. Su biyu suna ta cika buhu, ruwa na cin jingar ta ƙasa. Sai da Aisa ta dawo gari a jiƙe har ƙugu tana ihu sannan muka tashi. Mun tare ruwan a jinga ta biyu, wadda ke tsakanin gonarsa da namu, gonakinmu suka tsira. Tasa kuwa, shinkafar da ta fara nuna, ko kan zangarniya ba a gani.

Kunya ta hana ni fita kwana biyu. A na uku na daure na shiga yi masa jaje. Na same shi a tsakar gida yana auna sababbin fallaye, guda takwas, na wurare huɗu.

Na ce, "Muttaka, wallahi na ji hon ɗin nan."

"Na sani," ya ce, bai ɗago ba. Ya miƙo min filaya. "Riƙe min nan, kada ya motsa."