Ƙwaryar Nonon da Na Zarga a Birnin Gwari

Mun tashi da asuba daga Kaduna, ni da wani abokin sana'ata, za mu Birnin Gwari sayen masara. Hanyar ta ɗan gyaru, amma da muka shiga daji surutun mota ya mutu, kowa ya kama salati. Direba kaɗai ke magana, shi ma da ramuka yake faɗa.

Mun isa da hantsi, kasuwa ta cika. Masara ta fi ta Kaduna sauƙi sosai, har abokina ya soma murmushi shi kaɗai. Yunwa ce ta kai mu layin masu nono.

A nan na nuna wayona. Wata tsohuwa daga rugar wajen Kuyello ta buɗe mini ƙwaryarta, na ga nono kirtif, ludayi na tsayawa. Na ce a raina wannan an zuba masa garin rogo. Na koma wajen maƙwabciyarta, na sha fura har kwano biyu.

Ina lasar baki sai ga malamar duba-gari da farar riga, tare da wakilin sarkin kasuwa. Ashe duk ranar kasuwa suna zagawa. Wadda aka kama da algus, a zubar da nononta, a ci ta tara, a hana ta zama sati biyu. Bakina bai iya shiru ba, na nuna mata tsohuwar.

Malamar ta durƙusa ta ce, "Inna, a yi haƙuri, a ɗan ɗibar mini."

Tsohuwar ta miƙa ludayi. Kuɗin hatsin gidanta na mako ke cikin ƙwaryar nan. Malamar ta ɗiga aidin, maganin nan na sa wa rauni, ta ce in akwai gari zai koma shuɗi. Bai koma ba. Aka gwada na maƙwabciyar, nan take ya rine kamar an tsoma shi a marina. Na dafa cikina.

Aka juye nonon maƙwabciyar a kwata. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na roƙi tsohuwar gafara. Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, shanun ne suka ƙoshi bana."

Mun dawo gida kafin magariba da buhunanmu, raina fes. Na koyi cewa idona ba ma'auni ba ne. Nonon Inna kuwa, galan guda na sayo, yara suka shanye kafin in cire takalmi.